An ba ni shugabancin sashe, ma'aikata kuma suna ta tafiya: ta ina zan fara?

Tambaya: Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuto cewa ba a daɗe da ɗora mata shugabancin sashen kwantar da marasa lafiya ba. Ta tarar ma'aikata ba su isa ba, ƙwararrun cikinsu kuma kullum sai an ji wata ta ajiye aiki ko tana haɗa takardun fita ƙasar waje. Manya na ta cewa a riƙa yin bincike, alhali su ko lokacin zama ba su da shi. Tana so ta san ta ina za ta fara, kuma ko ya dace ta koma karatun digiri na biyu a cikin wannan hali.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya taya ki riƙo. Abubuwa ukun da kika jero, ƙarancin ma'aikata da shugabanci da bincike, a wurina abu ɗaya ne mai fuska uku. Aikinki na farko shi ne riƙe mutanen da suke hannunki yanzu, kuma abin da zai ba ki ƙarfin yin hakan a gaban manya shi ne alƙaluman da za ki tattara daga sashenki da kanki. Sauran bayanin duk a kan wannan zai tsaya.

Ki fara sanin cewa abin da kike gani bai tsaya a asibitinku ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta na farko kan halin aikin jinya, ta ce akwai ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, ana kuma neman ƙarin miliyan 5.9, kuma kashi 89 cikin ɗari na wannan giɓi yana ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Rahoto na biyu ya fito a watan Mayun 2025. Adadin ya kai miliyan 29.8, amma har yanzu ana neman miliyan 5.8, kuma kashi 78 cikin ɗari na ma'aikatan suna zaune ne a ƙasashen da ke ɗauke da kashi 49 kacal na mutanen duniya. Da gwamnati ta ji irin wannan lissafi, abin da ya fi saurin zo mata shi ne buɗe sababbin makarantu. Buɗe makaranta abu ne mai kyau, amma in ana yaye ɗalibai ta ƙofar gaba ƙwararru suna fita ta ƙofar baya, ɗiban ruwa da kwando ake yi. A wasu ƙasashen ma abin ya fi haka ɗaure kai: ga waɗanda suka gama karatu zaune ba aiki, ga asibitoci babu ma'aikata, domin ba a ware kuɗin ɗaukarsu ba.

Sannan nas da ta shekara goma a sashe, in ta tafi, sabuwa ɗaya ba ta cike gurbinta, ko da a takarda an cike. Tun a shekarun 1980 wata malamar jinya, Patricia Benner, ta bayyana matakai biyar da nas ke bi daga sabon shiga zuwa gwani, kuma kafin mutum ya kai ko matakin tsakiya yakan shafe shekara biyu zuwa uku yana irin aiki ɗaya. Gwanar ita ce take wucewa ta gaban gado ta tsaya, ta ce wannan mutumin bai yi mini ba, tun kafin wani awo ya nuna komai.

Ɗauki dare ɗaya a sashen da ke da gado talatin da nas biyu. Ƙarfe goma ana rabon magani. Ƙarin ruwa ya ƙare a gado na shida, an kawo sabon mara lafiya da za a buɗe wa takarda, wata dattijuwa ta ɓata shimfiɗa, 'yan'uwan wani suna bakin ƙofa suna neman bayani. A can ƙarshen ɗaki akwai mutumin da aka yi wa tiyata da yamma. Da aka miƙa aiki yana numfashi sau 18 a minti, yanzu ya kai 26, bugun zuciyarsa ya ɗan hau, fitsarinsa ya ragu. Bai yi kuka ba, bai kira kowa ba, kuma babu wanda ya samu minti ɗaya cikakke ya tsaya a kansa ya ƙirga numfashin. Sai gab da asuba awon jininsa ya faɗi, a fara gudu ana neman likita. Babu wanda ya ba shi maganin da ba nasa ba, babu wanda ya yi barci a bakin aiki. Ido ne kawai bai kai kansa a kan lokaci ba. Yawancin mutuwar da ƙarancin ma'aikatan jinya ke jawowa haka take faruwa, shi ya sa ba a cika ganinta a rahoton kowa ba.

Bincike ne ya fito da ita fili. A 2002 wata mai binciken aikin jinya, Linda Aiken, da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka. Suka gano cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, yiwuwar nas ɗin ta kai ga gajiyar da ke kashe zuciyar aiki kuma yana ƙaruwa da kashi 23. A 2014 aka maimaita irin wannan aiki a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, da marasa lafiya fiye da 420,000, aka wallafa a mujallar Lancet, sai ga kashi 7 ɗin nan ya sake fitowa. Aka kuma ga cewa duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nas-nas masu digiri a asibiti yana tafiya da raguwar mutuwa da kashi 7. Wani binciken a Ingila da aka wallafa a shekarar ya tambayi nas-nas abin da suka kasa yi a aikinsu na ƙarshe saboda ƙarancin lokaci. Kashi 86 cikin ɗari suka ce akwai aƙalla abu ɗaya da suka bari, kuma abin da aka fi bari shi ne zama a yi magana da mara lafiya a kwantar masa da hankali, sai koya masa yadda zai kula da kansa.

Ki lura da wannan na ƙarshe, domin a nan ake rasa ma'aikata. Yawancinmu saboda wannan zaman da wannan maganar muka shigo aikin. Mutum yana iya jure gajiyar ƙafa da ta baya shekara da shekaru. Abin da ba ya iya jurewa shi ne ya riƙa komawa gida kullum da sanin cewa akwai abin da ya kamata ya yi wa wani bai yi ba, kuma gobe ma haka za ta kasance. Ba ina raina albashi ba ne, yana da muhimmanci ƙwarai, kuma duk shugaban da ya ce wa ma'aikatansa aikin jinya sadaukarwa ce don su daina maganar haƙƙinsu ya zalunce su. Amma na sha ganin asibitoci biyu masu albashi iri ɗaya, ɗaya yana riƙe mutanensa, ɗayan kullum yana neman sababbi.

Wannan bambanci an taɓa bincikarsa. A farkon shekarun 1980, lokacin da Amurka take cikin ƙarancin ma'aikatan jinya, wasu masana suka juya tambayar. Maimakon su tambayi dalilin tafiyar masu tafiya, sai suka nemi asibitocin da ba a barinsu. A rahotonsu na 1983 suka ware guda 41. Abin da ya haɗa su shi ne shugabar jinya da ake gani a cikin sassa kuma tana zama a teburin da ake yanke shawara, nas-nas suna da ta cewa a kan yadda ake aikinsu, akwai mutunta juna tsakaninsu da likitoci, kuma ana ba su damar ƙaro ilimi. Daga nan shirin tantance asibitoci na Magnet ya samo asali.

Akasin haka shi ne abin da ya faru a asibitin Stafford da ke Ingila tsakanin 2005 da 2009. Hukumar asibitin ta sa hankalinta a kan daidaita lissafin kuɗi, ta rage ma'aikata. Aka riƙa barin marasa lafiya cikin shimfiɗar da suka ɓata, wasu ba mai taimaka musu da ci da sha. Ma'aikatan da suka yi magana ba a saurare su ba, sauran suka yi shiru don tsoro. Rahoton Robert Francis, wanda ya jagoranci binciken lamarin, ya fito a 2013 da shawarwari 290. Nas-nas ɗin wurin ba daga wata duniya suka zo ba, makarantu iri ɗaya suka yi da na sauran asibitoci. Wurin aikin ne ya koya musu cewa magana ba ta da amfani, kuma shugabanni ne ke koyar da irin wannan darasi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Akwai misali guda da nake yawan kawo wa sababbin shugabanni. A jihar Michigan, sassan kula da marasa lafiya masu tsanani guda 103 sun shiga wani shiri da Dakta Peter Pronovost ya jagoranta, don rage cututtukan da ke shiga jini ta bututun da ake sawa a babbar jijiya. Matakan guda biyar ne, kuma kowa ya san su tun da: wanke hannu, rufe jiki da kayan kariya cikakku, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kauce wa jijiyar matsematsi, da cire bututun da ba a buƙata. Sabon abin shi ne an ba nas ikon ta dakatar da likita in ya tsallake mataki, kuma hukumar asibiti ta tsaya mata. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cututtukan sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Ilimin yana nan tuntuni, iko ne ya rasa, kuma nemo wa mutanenki irin wannan iko yana cikin aikinki.

To, me ke hannunki yau, ba tare da kin jira kowa ba? Jadawalin aiki. Babu abin da ke ɓata zuciyar ma'aikata a sashe kamar jadawalin da ake zargin akwai son kai a ciki, ko wanda ake fitarwa a makare, ko wanda ake sauyawa da kiran waya a ranar hutun mutum. Ki fitar da shi da wuri, ki raba aikin dare da na ranakun hutu a fili yadda kowa zai iya ƙirgawa, ki bar ƙofar musanya a buɗe bisa ƙa'ida ɗaya ga kowa. Ki kula da tsawon aikin: wani bincike a ƙasashen Turai 12 da aka wallafa a 2015 ya nuna masu yin awa 12 ko fiye a tsaye sun fi kaiwa ga gajiyar zuciya da niyyar barin aiki. In an zagi ko an daki ma'aikaciyarki, ke za ki fara zuwa wurin, ki rubuta, ki bi maganar har ƙarshe. In an yi kuskuren magani, ki fara da tambayar yadda aka yi ya faru kafin ki tambayi wa ya yi, domin ranar da kika ci mutuncin wadda ta kawo kuskurenta da kanta, daga ranar ba za ki sake jin wani ba, za a ci gaba da yi ne kawai a ɓoye. Sabuwar da aka kawo ki haɗa ta da tsohuwa guda da za ta riƙe ta a watanninta na farko. Kuma kada ki jira takardar ajiye aiki kafin ki zauna da mutum. Ki zauna da kowace tun tana nan, ki tambaye ta abin da zai sa ta zauna da abin da zai kore ta.

Ba a koya mana waɗannan a makaranta. Yawanci wadda ta fi iya aikin gado ake ɗauka a ce ta zama shugaba, ba wanda ya nuna mata yadda ake karanta kasafin kuɗi ko yadda ake rubuta takardar neman ma'aikata. Matsalar tana nan har sama. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya, amma kashi 25 kacal na manyan muƙamai suke riƙe da su. Ita kanta hukumar a 2017 ta naɗa Elizabeth Iro daga Tsibiran Cook a matsayin babbar jami'arta ta jinya, kuma rahoton 2025 ya ce kashi 82 cikin ɗari na ƙasashe suna da babban jami'in jinya a gwamnati. Ci gaba ne, sai dai muƙamin da ba a haɗa shi da kasafi da kujera a wurin yanke shawara ba, ba ya ƙara nas ko ɗaya a ɗakin marasa lafiya. Saboda haka ki nemi mai kula da kuɗin asibitinku ya zauna da ke ya nuna miki yadda ake lissafa kuɗin gurbi ɗaya na ma'aikaci.

Yanzu maganar bincike. Kina jin kalmar sai ki tuna jami'a da mujallu, ki ga ba ki da lokaci. Ki tuna cewa da ƙirge aikinmu ya kafu. Florence Nightingale ta isa asibitin soja na Scutari a 1854 lokacin yaƙin Crimea, kuma abin da ya motsa gwamnatin Birtaniya daga baya shi ne alƙaluman da ta tsara, waɗanda suka nuna cewa cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kashe sojoji nesa ba kusa ba. Ma'aunin da ake amfani da shi a asibitoci da yawa don gano wanda ke cikin haɗarin gyambon kwanciya, nas biyu ne suka samar da shi a 1987, Barbara Braden da Nancy Bergstrom. A Afirka ta Kudu, gwajin da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa nas da aka horar tana iya fara ba mai ɗauke da ƙwayar HIV magani ta kuma ci gaba da kula da shi lami lafiya, abin da a da ake ganin sai likita. Duk waɗannan daga tambayar bakin gado suka taso.

Naki binciken littafi ɗaya ne da biro. A ƙarshen kowane aiki, na safe da na yamma da na dare, a rubuta marasa lafiya nawa ne, nawa ne a cikinsu masu tsanani, nas nawa ne a bakin aiki, da abin da aka kasa yi: awon da ba a ɗauka a kan lokaci ba, wanda ba a juya ba, maganin da ya makara. A ƙara da wanda ya faɗi, da wanda ya samu sabon gyambo. Ba ya cin minti biyar. Sharaɗinsa guda ne, kuma ki faɗe shi a gaban kowa ki cika: ba za a hukunta kowa da abin da ya rubuta a littafin nan ba. In kika saɓa sau ɗaya, za a riƙa cika miki shi da ƙarya mai kyan gani. Bayan wata uku ki taƙaita shi a shafi ɗaya. Shugabar da ta shiga ofis ta ce mun gaji, za a ba ta haƙuri. Wadda ta ajiye takarda tana nuna cewa a dararen da nas biyu suka kwana an tsallake awo kaza, a waɗanda uku suka kwana kuma kaza, dole a ba ta amsa. In daga baya kika so wallafawa, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike tukuna, kuma kada sunan mara lafiya ko na ma'aikaci ya fita.

Ina ƙarfafa wannan ne don mafi yawan binciken da na ambata daga ƙasashe masu arziki ya fito, inda ake muhawara tsakanin nas ɗaya ga mutum huɗu ko ga mutum takwas. Inda nas ɗaya take riƙe da ashirin ko fiye, kuma 'yan'uwan mara lafiya suke ɗauke da rabin hidimarsa, alƙaluman da ake da su kaɗan ne, kuma ba mai samar da su sai masu aiki a wurin. Sannan ki yi gaskiya da hujjarki. Irin waɗannan bincike suna nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, wanda ya san aikinsa kuma zai ce miki wataƙila asibitocin da ke da ma'aikata da yawa sun fi kyau ta wasu fuskokin ma. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce ta jihar Queensland a Ostareliya, wadda a 2016 ta kafa dokar nas ɗaya ga mutum 4 da rana, ɗaya ga mutum 7 da dare, a wasu asibitocin gwamnati. Aka kwatanta su da waɗanda dokar ba ta shafa ba, kafin da bayan. Sakamakon 2021 ya nuna raguwar mutuwa da dawowa asibiti da daɗewa a kwance, kuma kuɗin da aka tsimi ya ninka na ɗaukar ƙarin ma'aikatan fiye da sau biyu. California ta riga ta, tun 2004 tata dokar take aiki. In kuma aka ce miki za a cike gurbin nas da mataimaka don sun fi sauƙin biya, akwai binciken Turai na 2017 da ya nuna cewa maye gurbin nas ɗaya da mataimaki a kan kowane marasa lafiya 25 yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa da kashi 21 cikin ɗari. Mataimaka suna da amfani sosai a matsayin ƙari a kan nas.

Masu fita waje kuwa, kada ki ɗauke su maciya amana. Nas ɗaya cikin kowace bakwai a duniya tana aiki ne a ƙasar da ba a nan aka haife ta ba. Tun 2010 akwai ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga wasu ƙasashe, kuma a 2023 ta lissafa ƙasashe 55, 37 daga ciki a yankin Afirka, da bai kamata a je ana farautar ma'aikatansu ba. Amma ƙa'idar ta ganin dama ce, kuma ba ta hana mutum neman aiki da kansa. A ganina laifin yana kan ƙasashe masu hali da suka ƙi horar da isassun nasu, da kuma gwamnatocin da suka bar yanayin aiki ya lalace. Can ɗin ma ba hutu ba ne: a Disamban 2022 babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ta shiga yajin aikin gama-gari na farko a tarihinta, kan albashi da ƙarancin ma'aikata. Abin da ya fi miki shi ne ma'aikaciyarki ta iya gaya miki shirinta da wuri ba tare da tsoro ba, don ki sa ta koya wa wata abin da ta iya kafin ta tafi.

Karatun digiri na biyu, ki yi shi. Aikin yana matuƙar buƙatar malamai da masu bincike, ko a Amurka makarantun jinya suna mayar da dubun-dubatar takardun masu neman shiga da suka cancanta a kowace shekara saboda ƙarancin malamai da wuraren koyon aiki. Sai dai ba na ba ki shawarar ki tafi a shekararki ta farko, domin yanzu ne ma'aikatanki suke auna ko za ki tsaya musu. Ki bari ki cika shekara, ki horar da mataimakiya da za ta iya riƙe sashen in ba kya nan, ki nemi tsarin karatun da ake haɗawa da aiki in akwai shi. Lokacin zaɓen batun bincike kada ki karɓi wanda aka miƙo miki don yana da sauƙin rubutawa. Ki buɗe littafin nan na sashenki, ki ɗauki tambayar da ta fi damun ki a ciki, ki nemi malamin da zai yarda ya duba ki a kanta.